Laka daga ƙasan Atlantika: tushenta ne ya canza, ko gudun ruwa?

Ɗalibar Teku ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da aikin gano asalin lakar ƙasan teku. Akwai sandar laka, wato lakar da aka huda ƙasan teku da bututu aka zaro, mai tsawon mita 6 da aka ciro daga arewacin Atlantika, wajen digiri 45 arewa, a zurfin ruwa kusan mita 3,500. An ɗebi samfur a kowane santimita 5, aka busar, aka niƙa, aka narkar da shi ɗungurungum, sannan aka auna aisotof ɗin niyodimiyam da na sitirontiyam, wato nau'o'in sinadari ɗaya masu bambancin nauyi.

Ga inda abin ya ɗaure kai. A wurare biyu εNd, ma'aunin aisotof ɗin niyodimiyam, yana faɗowa daga wajen -11 zuwa ƙasa da -20, amma 87Sr/86Sr, na sitirontiyam, da ƙyar yake motsi, yana nan tsakanin 0.709 da 0.712 tun daga sama har ƙasa. Ai na ɗauka idan tushen laka ya canza, su biyun tare za su motsa. Wanne zan yarda da shi? Kuma ta yaya ake bambance canjin wurin da lakar ta fito da canjin ƙarfin ruwan da ya ɗauko ta? Na gode.

Malam Sinadari ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Sitirontiyam ɗin naki ba na ƙasa kike aunawa ba, na ruwan teku ne. Ruwan teku na yau yana da 87Sr/86Sr kusan 0.7092 a ko'ina, saboda sinadarin yana daɗewa a teku shekaru miliyoyi, ya gauraye sarai. Ɓawon foraminifera, wasu 'yan mitsi-mitsin halittun teku, da sauran ƙananan halittu masu ɓawon kabonet suna ɗauke da sitirontiyam sama da kashi 1,000 cikin miliyan, alhali yumɓun da ya zo daga tudu sau da yawa bai wuce 100 zuwa 200 ba. To idan rabin samfurin kabonet ne, muryar yumɓun ta nutse ke nan. Niyodimiyam kuwa akasin haka ne, kaɗan ne ƙwarai a cikin kabonet, mafi yawansa yana jikin ɓarɓashin duwatsu, shi ya sa shi ya nuna miki canjin duk da ba a ware komai ba. Akwai ƙari: idan waɗannan wurare biyu suna ɗauke da ɓarɓashin tsohuwar farar ƙasa, ita ma sitirontiyam ɗin tsohon teku ne a jikinta, wajen 0.708 zuwa 0.709, sai ta ƙara danne lambar.

Laka ɗaya tana ɗauke da labari biyu, kuma dole a raba su kafin awo. Akwai ɓarɓashin da ya taso daga tudu, shi ne yake faɗin asali. Akwai kuma abin da ya samu a cikin teku, wato ɓawon halittu da tsatsar ƙarfe da manganis da ke lulluɓe ƙwayoyin laka, shi kuma labarin ruwa yake bayarwa. Ga yadda ake warewa.

Ki ɗebi giram 1 zuwa 2, kada a niƙa. A busar da shi ta hanyar daskarewa, in babu, a tanda da zafin da bai haura digiri 40 ba, domin zafi mai yawa yana ɓata yumɓu. A wanke sau uku da tataccen ruwa don fitar da gishiri, domin ruwan teku kansa yana da sitirontiyam kusan kashi 8 cikin miliyan, kuma yana bushewa a jikin samfurin. Daga nan sai asid ɗin asetik da aka daidaita a pH 5 da sodiyam asetet, a riƙa sakewa har kumfa ya daina tashi. Sai haidiroksilamin haidirokilorayid, mola 0.05 a cikin asetik kashi 15, shi ne mai narkar da tsatsar. Ruwan farko na awa ɗaya ki adana shi daban, zai yi amfani. A sake zuba sabo a bar shi ya kwana don kwashe ragowar. Sai haidirojin ferokzayid kashi 5 zuwa 10 don cinye ruɓaɓɓen abu mai rai. Idan akwai diyatom da yawa, wato ƙananan tsirran ruwa masu ɓawon gilashi, sodiyam kabonet mola 2 a digiri 85 na 'yan awoyi zai ɗauke gilashin jikinsu.

Wurare uku ne aikin ya fi lalacewa. Na farko, a wanki tsakanin mataki da mataki: idan ruwan saman bututu da sauran duhu-duhu bayan an juya shi a injin, kika zubar, to yumɓu mafi laushi kika zubar, kuma shi ne ya fi ɗauke da 87Sr. Ki ƙara lokacin juyawa har ruwan ya yi garau. Na biyu, gaggawar amfani da asid ɗin haidirokilorik mai ƙarfi don a gama da kabonet da wuri. Yana cin kilorait da afatait da gilashin dutse mai aman wuta, kuma afatait ma'ajiyar niyodimiyam ce, sai a canza lambar da ake nema da hannu. Na uku a wurin narkarwa: miligiram 50 zuwa 100 a cikin haidirofulorik da naitirik, a kwalbar tefulon a rufe, digiri 120, kwana biyu zuwa uku. Bayan an ƙafar da shi, farin gari na fulorayid yakan zauna a ƙasa ya riƙe niyodimiyam. Sai an maimaita ƙafarwa da haidirokilorik mola 6 har babu ko ɗigon gari. Haidirofulorik kuma ba abin wasa ba ne, kada a buɗe kwalbarsa sai man kalsiyam gulukonet, na shafawa idan ya taɓa fata, yana kusa.

A wajen tacewa a bututun resin, inda ake ware sinadarin da za a auna daga saura, abin lura shi ne samariyam da rubidiyam. 144Sm yana hawa kan 144Nd, 87Rb yana hawa kan 87Sr, injin auna aisotof ba ya bambance su, domin nauyinsu ɗaya. A gyara karkatar inji da 146Nd/144Nd = 0.7219 da 86Sr/88Sr = 0.1194, a riƙa saka ma'aunin JNdi-1, mai 0.512115, da NBS 987, mai kusan 0.71025, a tsakanin samfura. Ki kuma rubuta wace lambar kwatance ta 143Nd/144Nd kika yi lissafin εNd da ita, 0.512638 ta da ko 0.512630 ta 2008. Bambancinsu kusan 0.16 ne a ma'aunin ε. Ba zai dame ki a faɗuwar 9 ko 10 ba, amma yana damun mai kwatanta 0.5.

Dalilin da ya sa εNd yake faɗin asali kuwa: 147Sm yana rikiɗewa zuwa 143Nd a hankali ƙwarai, rabin rayuwarsa shekaru biliyan 106. Ɓawon nahiya tun samuwarsa samariyam ɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da niyodimiyam, don haka gwargwadon tsufansa, gwargwadon ƙarancin 143Nd ɗinsa. Tsofaffin duwatsun arewacin Kanada da Girinland suna ba da -20 zuwa ƙasa da -30. Duwatsun Yammacin Turai suna wajen -10 zuwa -12. Baƙin dutsen Aisland yana sama, wajen +7. Lambobinki suna nuna Kanada, amma ban ce tabbas ba sai an ware.

Gargaɗi na ƙarshe kan lissafin gauraye, domin nan ma ana yawan zamewa. A matsayin misali kawai, a ce tushe ɗaya yana da εNd -25 da niyodimiyam kashi 30 cikin miliyan, ɗayan +7 da kashi 15, samfur kuma ya ba da -15. Wanda ya ja layi miƙaƙƙe zai ce kashi 69 cikin ɗari daga tushen farko ne. Wanda ya saka yawan sinadarin a lissafi zai samu kashi 52. Ta biyun ce daidai.

Mai Rariya ta amsa:

Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai ni da rariya da madubin ƙara girma zan fara, kafin a taɓa asid. Dalili kuwa, asetik ɗin da zai wanke miki ɓawon foraminifera shi ne zai cinye shaidar da ta fi kowace ƙarfi a wannan yanki, wato ɓarɓashin farar ƙasa da dolomait. Ki raba kowane samfur gida biyu tun farko, rabi na sinadari, rabi na ƙirga.

Digiri 45 arewa tsakiyar layin da tsaunukan ƙanƙara masu yawo a teku suka riƙa narkewa ne, tsakanin digiri 40 da 55. Hartmut Heinrich ya bayyana shimfiɗun yashi da tsakuwa da suka zubar a ƙasan teku a 1988, shi ya sa ake kiransu da sunansa. Guda shida ne sanannu a zamanin ƙanƙara na ƙarshe, na farko wajen shekaru 16,800 da suka wuce, na biyu wajen 24,000, na uku 31,000, na huɗu 38,000, na biyar 45,000, na shida kusan 60,000. Ƙanƙarar da ta rufe Kanada ta riƙa kankare gindin Mashigin Hudson, inda farar ƙasa da dolomait suke kwance a kan tsohon dutse, ta fito da su teku, ta zubar inda ta narke. Na 1 da 2 da 4 da 5 ne ke da wannan tambari a sarari. Na 3 da na 6 sun fi rauni, kuma a gabashin tekun kason Turai ya fi yawa a cikinsu. Saboda haka mai neman su da εNd kaɗai yana iya tsallake biyu bai sani ba.

Aikin ƙirgar ba shi da tsada. A auna nauyin busasshen samfur, a jiƙa, a wanke ta rariyar maikiron 63 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), a tara abin da ya wuce a bokiti, kada a zubar. Abin da ya tsaya a busar, a tankaɗe a rariyar maikiron 150. A raba da na'urar rabawa har a samu ƙwayoyi 300 zuwa sama a faranti, a ƙirga na dutse daban, na foraminifera daban, a mayar da shi ƙwaya nawa a giram ɗaya. Ruwan ƙasan teku a tsakiyar teku ba ya iya ɗaukar yashi mai girman maikiron 150, iska ma ba ta kai shi can, don haka ƙanƙara ce kawai ta kawo shi. Sharaɗi ɗaya: ki tabbatar ba zaftarewar laka daga gangaren nahiya ba ce. Ita tana da alama, gindinta a yanke yake kamar da wuƙa, ƙwayoyin suna raguwa girma daga ƙasa zuwa sama, a jere tsaf. Zubin ƙanƙara kuwa a cakuɗe yake, tsakuwa a tsakiyar yumɓu. Hoton ekis-re na rabin sandar yana nuna wannan nan take.

A ƙarƙashin madubi ki nemi abu uku, kamar yadda Gerard Bond ya riƙa yi: fararen ƙwayoyin kabonet masu ɗan ruwan ƙasa-ƙasa daga Hudson, ƙwayoyin kwaz masu jan tabo na hematait daga jajayen duwatsun gabashin Girinland da Sibalbad, da gilashin aman wuta daga Aisland. Idan akwai kuɗin ƙarin awo, a tsinci ƙwayoyin honbiland ɗaya bayan ɗaya a auna shekarunsu da 40Ar/39Ar. Aikin Sidney Hemming ya nuna na shimfiɗun Hudson suna taruwa a shekaru biliyan 1.6 zuwa 1.8. Na fi son sa a kan zirkon a nan. Zirkon ba ya mutuwa, yana fita daga dutse ya shiga wani sau da yawa, sai ya faɗa miki inda aka haife shi, ba inda ƙanƙara ta ɗauke shi ba. Kuma yana buƙatar ƙwayoyi aƙalla 117 kafin a ce da tabbacin kashi 95 ba a rasa wani rukuni mai kashi 5 ba. Giram biyu na lakar tsakiyar teku ba zai ba ki su ba.

Kan tambayarki ta biyu. 87Sr/86Sr yana bin girman ƙwaya: yumɓu da maika suna da rubidiyam da yawa, don haka ɓangare mai laushi ya fi lamba sama ko da tushe ɗaya ne. Ruwa mai ƙarfi ya share laushin ya bar manyan ƙwayoyin, lamba ta sauka, mutum ya ce tushe ya canza alhali gudun ruwa ne. εNd bai cika damuwa da girman ƙwaya ba. Maganin shi ne a auna a girma ɗaya tak daga sama har ƙasa, misali ƙasa da maikiron 2, ko 2 zuwa 20. Ana ware ƙasa da maikiron 2 da zaunarwa: a digiri 20, a girgiza, a jira kusan awa 3 da minti 50, a zuƙe santimita 5 na sama. Zafin ɗaki ya canza, lokacin ma ya canza. Idan lakar ta dunƙule ta zauna cikin 'yan mintoci, da sauran gishiri ke nan, a ƙara wanki. Shi kuma gudun ruwan ana auna shi daban, da matsakaicin girman ƙwayoyin maikiron 10 zuwa 63 bayan an cire kabonet, hanyar Nick McCave ta 1995. Amma a cikin shimfiɗar Heinrich kada ki yarda da shi kai tsaye, domin ƙanƙara ma tana zubo ƙwayoyi masu wannan girman.

Tun da za ki ware yumɓu, ki yi masa XRD, awon ekis-re da ke tantance nau'in ma'adinan yumɓu. Ilait yana fitowa a angistirom 10, kawolinait da kilorait a 7, ana raba su a 3.58 da 3.54, simektait kuma yana kumbura zuwa 17 bayan an turara shi da etilin gilaikol. Simektait mai yawa a wannan yanki yana nuni ga Aisland, wato ruwan ƙasa ne ya kawo shi daga arewa, ba ƙanƙarar Kanada ba.

Ɗalibar Teku ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. An duba ragowar samfuran a madubi. A wuraren biyu yashi ya cika faranti, da fararen ƙwayoyin kabonet, foraminifera kuma kaɗan ne, kusan duk Neogloboquadrina pachyderma, jinsin ruwan sanyi. Ke nan zan iya kiransu Heinrich na 1 da na 2? Sannan ruwan farko da Malam ya ce a adana, zai ba ni εNd na ruwan ƙasan teku na wancan zamani?

Agogon Laka ya amsa:

A'a, Malama, tukuna. Kin san daga ina, ba ki san yaushe ba. Bututun fistin da ake ciro sandar laka da shi yakan tarwatsa saman laka ko ya rasa shi gaba ɗaya, yakan kuma ja mitocin farko su miƙe fiye da tsawonsu na gaskiya. Shimfiɗar da kika fara gani tana iya zama ta 2, ta gaba kuma ta 4. Ƙirga daga sama ba hujja ba ce.

Don auna shekaru da kabon 14C, ki tsinci foraminifera masu yawo a saman ruwa, jinsi ɗaya, miligiram 8 zuwa 10, wanda zai ba da kusan miligiram 1 na kabon, daga dab da ƙasan kowace shimfiɗa da dab da samanta. Kada ki ɗauka daga tsakiya. Halittun ƙasan teku suna juya santimita 5 zuwa 10 na saman laka, kuma inda ɓawo ya yi ƙaranci, yawancin abin da za ki tsinta daga sama ko ƙasa aka shigo da shi. Ki zaɓi inda jinsin ya fi yawa. Ki duba kowace ƙwaya, domin ɗan ɓarɓashin dolomait da ya maƙale a cikin ɓawo ba shi da 14C ko kaɗan, zai tsufar da sakamakon. A gyara shekarun da Marine20, jadawalin mayar da shekarun 14C na teku zuwa na kalanda. Ruwan saman teku ya girmi iska da kusan shekaru 550 a wannan ma'auni, da can 400 ake ɗauka, amma a arewacin Atlantika lokacin Heinrich na 1 tazarar ta haura shekaru 1,000, don haka ki faɗaɗa iyakar kuskure a nan, kada ki ɓoye ta. Bayan shekaru 50,000 kabon ya gama aiki. Sai 18O, aisotof ɗin iskar oksijin, na foraminifera masu zama a ƙasa, a jera shi da jadawalin kwatance na LR04, wanda Lisiecki da Raymo suka haɗa daga sanduna 57 a 2005. Idan kika ci karo da tokar aman wuta, riba ce, domin an san shekarunta: tokar Vedde tana wajen shekaru 12,100, shimfiɗar toka ta biyu ta arewacin Atlantika wajen 55,000.

Abu na biyu da ba a ambata ba: kashi cikin ɗari ba yawan zuba ba ne. Kason ɓarɓashin tudu yana iya hawa don kawai kabonet ya narke ko halittu sun ragu. An ga irin wannan a ramin haƙar laka mai lamba 658C a tekun gaɓar Moritaniya, inda Peter deMenocal a 2000 ya nuna ƙurar Sahara ta ragu daga shekaru 14,800 zuwa 5,500 da suka wuce, kuma sai da aka koma yankin da 230Th don a raba ainihin zubar ƙura da lakar da ruwa ya sharo daga gefe. 230Th, aisotof ɗin toriyam, yana samuwa daga yuraniyam na cikin ruwa a ƙayyadadden sauri, yana manne wa ƙwayoyi ya nutse, rabin rayuwarsa kusan shekaru 75,600. Idan ya yi ƙaranci a giram ɗaya, laka ta zubo da yawa ta tsarma shi. A shimfiɗar Heinrich shi ne zai gaya miki cikin shekaru nawa ta taru.

A rubutu kuma ki bambance shimfiɗar da zamanin sanyin da ta faɗo a cikinsa. Sanyin yakan riga zubin ƙanƙarar farawa, kuma ya fi shi daɗewa.

Malam Sinadari ya sake amsawa:

Ruwan farkon zai iya bayarwa, amma ba a ko'ina cikin sandarki ba. Tunanin da ke bayansa shi ne niyodimiyam ba ya daɗewa a teku, 'yan ɗaruruwan shekaru ne zuwa dubu ɗaya, bai isa ya gauraye ko'ina ba, don haka kowane ruwa yana riƙe da tambarinsa. Ruwan zurfi na arewacin Atlantika yana wajen -13.5, na kewayen Antaktika -8 zuwa -9, na arewacin Pasifik wajen -4. Idan tsatsar jikin laka ta tashi daga -13 zuwa -10 a zamanin ƙanƙara, ana fassara shi da cewa ruwan kudu ya kutso arewa.

Matsalar ita ce sabon niƙaƙƙen dutse na ƙanƙara da gilashin aman wuta duk suna saurin narkewa. Suna sakin niyodimiyam ɗinsu a cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin laka tun a ƙasan teku, suna kuma sakinsa a bututunki. A cikin shimfiɗun nan biyu za ki iya samun -18 a ruwan wankin, kuma ba wani ruwan teku ba ne, Kanada ce ta yoyo. Kusa da toka kuma lambar ta karkata sama. Mutane sukan auna 87Sr/86Sr na ruwan wankin, su ga 0.7092, su ce lafiya. Wannan gwaji ba ya isa, saboda dalilin da muka fara da shi: ɗan kabonet kaɗan ya isa ya rufe gurɓatar. Ki auna alminiyam a kan niyodimiyam a ruwan wankin, in ya yi tsalle a wani wuri, dutse ya narke a nan. Ki gwada samfurin saman laka da awon ruwan zurfi na GEOTRACES, shirin ƙasa da ƙasa na auna sinadaran teku, mafi kusa da wurin. Sannan a wurare biyar ko shida ki tsinci foraminifera miligiram 20 zuwa 30, a fasa su, a wanke yumɓun ciki da ruwa da girgizar sauti ba tare da cire tsatsar ba, ko haƙoran kifi in akwai, a ga ko sun yi daidai da ruwan wankin.

Idan batun ƙarfin juyawar ruwan Atlantika kike son yi, εNd asalin ruwa yake faɗa, ba saurinsa ba. Na sauri shi ne 231Pa/230Th, furotaktiniyam a kan toriyam, wanda Jerry McManus ya auna a Tudun Bamuda na ƙarƙashin teku a 2004, inda ya matso kusa da 0.093 a lokacin Heinrich na 1, alamar ruwan ya kusa daina fitar da furotaktiniyam daga yankin. Shi ma gilashin diyatom yana kama furotaktiniyam ya ɗaga lambar, don haka ki auna yawan gilashin a samfurin da za ki yi wannan awo a kansa, ba a na kusa da shi ba.